Igiya Huɗu, Hannu Takwas: Yadda Ƙaramin Jirgi Ke Ƙetare Mashigin Panama

A Panama ƙasa ta tsuke tsakanin Tekun Atlantika da Tekun Pasifik, har abin da ya raba su bai wuce kilomita 80 ba, sai dai tsakiyar wannan tsukin tudu ne. Faransawa, ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps wanda ya jagoranci haƙa mashigin Suez, sun fara aiki a 1881 da niyyar yanka tudun har ya yi daidai da teku. Zazzaɓi da zaftarewar ƙasa da karyewar jari suka tsayar da su a 1889. Amurkawa suka karɓa a 1904, daga baya suka sake shawara: suka datse kogin Chagres, ruwa ya taru ya zama tafkin Gatun, mita 26 sama da fuskar teku, sannan suka gina matakalar ruwa a kowane gefe. Tun ranar 15 ga Agusta, 1914 da aka buɗe hanyar, duk jirgin da zai ƙetare sai an ɗaga shi sama, ya ratsa tafkin, a sauke shi a ɗaya ɓangaren.

Domin manyan jirage aka yi wannan hanya, masu dakon kwantena da hatsi da mai. Amma akwai ƙananan baƙi da ke bin ta kowace shekara: jiragen filafili, wato waɗanda iska ke turawa a jikin ƙyalle, irin waɗanda mata da miji ko iyali guda ke zagaya duniya a ciki. Irin wannan jirgi tsawonsa mita 12 ne ko kusa da haka, nauyinsa kamar tan 10, jikinsa kuwa roba ce mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi. Idan mai shi bai bi ta Panama ba, sai ya gangara dubban kilomitoci kudu ya kewaye tsinin Kudancin Amurka, inda iska da raƙuman ruwa suka cinye jirage ba adadi. Girman ginin mashigin abin kallo ne, ba musu. Amma ni abin da ke riƙe min hankali shi ne, a tsakiyar wannan tarin kankare da ƙarfe, lafiyar ƙaramin jirgi gaba ɗaya tana rataye ne a kan igiya huɗu da mutum huɗun da ke riƙe da su.

Aikin yana somawa tun kwanaki kafin jirgi ya ga ƙofa. Mai jirgin da ya fito daga yankin Karibiyan yakan tsaya kusa da birnin Colón, galibi a mazaunin ƙananan jirage na Shelter Bay, ya sanar da Hukumar Mashigin Panama, wadda ke tafiyar da hanyar tun da Amurka ta miƙa ta ranar 31 ga Disamba, 1999. Sai a auna jirgin. Tsawon da kamfani ya rubuta a takarda ba ya wadatarwa. Ana awo daga ƙarshen duk abin da ya leƙo gaba zuwa ƙarshen duk abin da ya leƙo baya, har da ɗan kwale-kwalen roba da ke rataye a bayan jirgi, domin da tsawo ake yanke kuɗi. A ba jirgin lambar shaida wadda za ta bi shi muddin yana kan ruwa, a biya kuɗi, a jira rana. A watannin Fabrairu da Maris, lokacin da masu haramar ƙetare Pasifik ke taruwa, jiran yakan kai makonni.

Sharuɗɗan ba su da yawa, amma ba sassauci a cikinsu. Filafili a naɗe zai zauna daga farko har ƙarshe. Inji ne zai yi tafiyar, kuma dole ya iya gudun da bai gaza kilomita 9 a awa ba. Dole a sami mutum huɗu masu riƙe igiya, ban da matuƙi. Dole a sami igiya huɗu, kowace tsawon mita 38 da kaurin milimita 22, babu ƙulli a tsakiyarta, babu inda ta zaizaye. Yawancin jirage ba sa yawo da irin wannan kaya, don haka haya ake ɗauka, tare da manyan balan-balan na roba ko tsofaffin tayoyin mota da aka naɗe da leda don kada su baƙanta jikin jirgi. Sannan a tanadi inuwa da banɗaki da ruwan gora da abinci mai zafi saboda jagoran da hukuma za ta turo.

Wannan jagora mai ba da shawara ne. Iko yana nan hannun mai jirgi. A manyan jirage kam, matuƙin hukuma ne ke karɓar ragamar tuƙi daga hannun kyaftin, abin da ba kasafai ake yi a sauran tashoshin duniya ba. Jagoran ƙaramin jirgi yana zuwa da rediyo da takardar jadawali, wadda ke ɗauke da sunan babban jirgin da za a shiga tare da shi da lokacin da za a shiga. Mutumin da ya yi mako uku a tsakiyar Atlantika ba mai ce masa ƙala, yau sai ya kasa kunne ga baƙon da ya hau jirginsa awa ɗaya da ta wuce. Masu hankali suna yin haka da daɗin rai, domin sun san wannan ruwa ba irin wanda suka saba ba ne.

Akwai wata al'ada tsakanin matuƙan da nake ganin ta fi duk sharuɗɗan hukuma amfani. Kafin mutum ya shigar da nasa jirgin, sai ya bi na wani a matsayin mai riƙe igiya, ya ga komai da idonsa, ya ji nauyin a tafin hannunsa, ya dawo Colón a mota. Wasu kuma sukan ɗauki samarin Panama da suka mai da wannan aiki sana'a. Wasu kuwa, don tsimin kuɗi, sai su kwashi 'yan yawon buɗe ido masu neman tafiyar kyauta. Tun daga hawa jirgi ake gane bambanci. Wani yana tambayar inda zai zauna ya fi ganin gari. Wani kuwa ko jakarsa bai ajiye ba ya wuce goshin jirgi, ya durƙusa, ya girgiza ƙarfen da zai ɗaura igiya a kai ya ji ko yana motsi.

Ga yadda gwani ke shirya igiyarsa. Yana bin ta da hannu daga wannan baki zuwa wancan, mita 38 cif, yana murza ta don ya warware duk inda ta nannaɗe, yatsunsa suna neman wurin da ya yi rauni. Ba ya naɗe ta gammo, domin naɗaɗɗiyar igiya idan aka fizge ta sai ta cukurkuɗe. Shimfiɗa ta yake yi a doron jirgi, kai da komo, bakin da zai fara fita yana sama. A wannan bakin sai ya ɗaura zobe mai faɗin kusan mita ɗaya da irin ƙullin matuƙa, wanda ba ya zargewa, ba ya kuncewa da kansa, amma komai nauyin da ya ɗauka ana iya kwance shi da yatsu. Sai ya zura zoben ta hancin ƙarfen da ke gefen jirgi, ya fitar da shi ta ƙarƙashin shingen waya, ya dawo da shi ta sama ya ajiye. In ya kuskure wannan, ya bi da igiyar ta saman shingen, nauyin farko da zai zo zai tsige shingen duka. Ɗaya ɓangaren kuma ya kai shi ga ƙaho, wato wani ƙarfe mai kunne biyu da aka kafa a doron jirgi. Ilimin aikin yana cikin wannan ƙarfe: igiyar da ba ta zagaya shi ba, ƙato ma ba ya iya riƙe ta, zagaye ɗaya, ƙarfen ya ɗauke mafi yawan nauyin, zagaye biyu, yarinya ma sai ta riƙe.

Galibi da yamma ake tashi. Kwale-kwalen hukuma ya kawo jagora, a wuce ƙarƙashin Gadar Atlantika da aka buɗe a 2019, a nufi Gatun. Kafin a isa, an riga an rufe faifan sola da tagogin gilashi da katifu da matasan kai, za mu ga dalili. Dab da ƙofa sai jagorori su umarci jirage biyu ko uku su haɗu kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya fi ƙarfin inji shi ne a tsakiya, shi zai tuƙa kowa. A jera tayoyi tsakani, a ɗaure gaba da gaba, baya da baya, sannan a ja igiya biyu a gicciye, ɗaya daga goshin wannan zuwa bayan wancan, ɗaya akasin haka, don kada wani ya zame gaba ya bar ɗan'uwansa. Kuma ana kula kada sandunan filafili su yi daidai da juna, domin in ruwa ya kaɗa, wannan ya karkata dama wancan hagu, sai kawunansu su haɗu a sama.

Dalilin wannan haɗi shi ne ruwa. Babu famfo ko ɗaya da ke ɗaga jirgi a Panama. Ruwan tafki ne ake sakowa ya gangaro da nauyin kansa, kuma duk jirgin da ya ƙetare ta tsofaffin matakalan, kimanin lita miliyan 200 na ruwan daɗi ke zubewa cikin teku. Ruwan sama ne ke mayar da shi. A farin da aka yi a 2023 tafkin ya ja baya har aka rage jiragen da ke wucewa a rana daga kusan 36 zuwa ƙasa da 25. Ba za a yi asarar wannan ruwa don jirgin mita 12 shi kaɗai ba. Shi ya sa ake haɗa ƙanana, a cusa su a ɗan filin da babban jirgi ya rage.

Matakalar Gatun ɗakunan ruwa uku ne a jere, kowane ya fi na bayansa tudu. Kowane ɗaki faɗinsa mita 33.5, tsawon da jirgi ke iya amfani da shi kuma kamar mita 305, da ƙyamaren ƙarfe gaba da baya. A hawa, babban jirgi ke fara shiga. Wasu faɗinsu ya kai mita 32.3, abin da ya rage tsakaninsu da bango kowane gefe bai wuce santimita 60 ba, sai wasu ƙananan kawunan jirgin ƙasa masu lantarki, da ake kira alfadarai, su riƙe su da wayoyin ƙarfe daga kan bango. Ƙananan jirage ba su da alfadari. Nasu mutane ne: ma'aikata huɗu, biyu a kowane bango, kowane riƙe da siririyar igiya mai dunƙulallen ƙulli a baki, wanda ake kira dunƙulen biri. Ma'aikacin ya lilo shi sau biyu ko uku, ya sake, ƙullin ya taso sama ya faɗo bisa doron jirgi. Ƙullin da nauyi, yana fasa gilashi, yana fasa goshi. Dalilin katifun nan ke nan. Ba a cafe shi. Ka kauce, ka bar shi ya faɗi, ka kama siririyar igiyar ta bayansa, ka ɗaura ta a zoben da ka shirya, ka ɗaga hannu.

Daga nan ma'aikatan suna tafe a ƙasa bisa bango, jiragen suna tafe a ruwa daidai da takunsu, siraran igiyoyin suna tsakani ba a ja ba a saki. Da an kai wurin tsayawa, jagora ya ba da alama, ma'aikatan su jawo manyan igiyoyin sama su zura zoben a turakun ƙarfe. In jirage uku ne a haɗe, igiya huɗu kacal ke aiki: biyu daga na dama, biyu daga na hagu. Masu riƙe su su ja har su miƙe, su zagaya ƙaho. A baya ƙyamaren suna rufuwa a hankali, irin waɗanda aka kafa tun kafin 1914, kaurinsu mita biyu, cikinsu fanko don ruwa ya taimaka wajen ɗaukar nauyinsu. Jirgi yana can ƙasan rami, bango baƙi mai gansakuka ya tashi kowane gefe, ma'aikatan sun zama 'yan ƙanana a sama.

Sai ruwa ya zo. A cikin bangon akwai kwalbatoci masu faɗin mita 5.5, su ke raba ruwa zuwa ƙananan hanyoyi a ƙarƙashin ɗakin, ya ɓulɓulo ta ramuka kimanin 100 da ke daɓen. Lita miliyan 100 ke shiga cikin minti goma ko ƙasa da haka. Babban jirgi ko a jikinsa. Ƙananan kuwa, ruwan yana tafasa a ƙarƙashinsu, ya tura goshi hagu, ya murɗa baya dama, ya sake ya koma. Kuma yayin da jirgi ke tashi, tazarar da ke tsakaninsa da turken da ke sama tana raguwa, don haka kowace igiya tana yin sako-sako a kowane lokaci. Aikin mai riƙe ta shi ne ya kwashe wannan rarar da zarar ta samu.

A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace sai an koya wa hannu. Ba a kokawa da ruwa. Idan igiya ta ɗaure, tan 30 na jirage uku ne ke jan ta, ba wanda zai iya mayar da ita ko da taƙi ɗaya. A nan sai ka danne ta a jikin ƙaho ka jira. Bayan daƙiƙa kaɗan ruwan zai juya, igiyar ta saki jiki. To, a wannan ɗan tsakanin ne ake aiki: ka sassauta zagayen, ka jawo kamu ɗaya ko biyu da sauri, ka mayar da zagayen kafin nauyin ya dawo. Ja, danne, jira. Ja, danne, jira. Gwani yana jin juyawar tana zuwa tun kafin ido ya gani, ta rawar da igiyar ke yi a tafinsa. Yatsunsa ba sa kusantar ƙarfen, ƙafarsa ba ta shiga tsakiyar tarin igiya, gwiwoyinsa a lanƙwashe.

Akwai kuma wani sirri da sabon shiga ba ya ganewa. Ƙarfi da yawa ma ɓarna ne. Wanda ya dage yana ja fiye da abokin aikinsa na ɗaya gefen, jiragen yake jawowa zuwa bangon da ke kusa da shi. Don haka idon gwani yana wurare uku: igiyarsa, tazarar da ke tsakanin jirgi da bango, da hannun takwaransa. Jirage uku a haɗe faɗinsu bai wuce mita 13 ba, ke nan akwai kamar mita 10 kowane gefe. Kamar da yawa, amma in kusurwa ɗaya ta saki, cikin ƙiftawa da bismilla jiragen sun juya, kusurwar da ke fuskantarta ta nufi kankare. Abin da ke jawo haka yawanci ba wani babban abu ba ne: hannu ɗaya ne ya bar igiya ya shiga aljihu ya ɗauko waya don ɗaukar hoto. Kuma in jirgi ya nufi bango, ba a tare shi da hannu ko ƙafa, komai son da mutum ke yi wa jirginsa. Taya ake jefawa tsakani.

Da ruwa ya cika, jirgi ya yi daidai da bakin bango, ƙyamaren gaba su buɗe. Sabon shiga sai ya yi ajiyar zuciya ya sassauta. Gwani kuwa a nan yake ƙara zagaye, domin babban jirgin da ke gaba zai kunna farfelarsa, ta turo kogi guda baya cikin rufaffen ɗaki. Sai wannan ya lafa jagora zai ce, "Kyaftin, mu je a hankali." Ma'aikata su zare zobba daga turaku, masu riƙe igiya su jawo su cikin jirgi da sauri, siraran igiyoyin suna nan ɗaure. Saurin nan wajibi ne, domin igiyar da ta kwanta a ruwa farfela take nema, in kuwa ta naɗe ta inji ya mutu nan take. Matuƙin tsakiya yana da nasa lissafin: jirgi ba ya jin sitiyari sai ruwa na gudana a jikin allon juyawar da ke ƙarƙashinsa, don haka in ya rage wuta da yawa ya rasa iko, in ya ƙara ya afka cikin hargitsin da babban ya bari. Haka za a maimaita sau uku, kowane hawa kusan mita 9, har a fita bisa tafki.

Yawanci a nan ake kwana. A kwance haɗin, a ɗaure a jikin wata babbar tukunyar ƙarfe mai iyo, kwale-kwale ya zo ya ɗauke jagora. Ba a wanka, akwai kadoji. Da asuba birai masu kururuwa su tashi kowa daga kurmin da ke kewaye, sabon jagora ya iso.

Tafiyar yini ta biyu ta haura kilomita 45, kuma gwaninta a nan ta haƙuri ce. Tafkin Gatun daji ne da ruwa ya shanye, kututturan itatuwansa suna nan tsaye a ƙarƙashi, don haka ba a fita daga layin alamomin ja da kore. Amma tsakiyar layin ta manya ce. Dokar hana karo a teku ta 1972 ta ce jirgin filafili ko wanda bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babban jirgi hanya a matsattsen wuri, kuma ko ba doka hankali ya isa: mai kwantena ba ya iya kaucewa, ba ya iya tsayawa kusa, kuma daga ɗakin tuƙinsa ba a ganin abin da ke dab da goshinsa. Saboda haka ƙaramin jirgi yana rakuɓewa a gefen dama, yana bin alamomi ɗaya bayan ɗaya. In babba ya zo wucewa, da farko yakan ture ruwa gaba, sannan ya zuƙo shi wajen bayansa. Matuƙi ya ba da tazara, ya riƙe sitiyari da kyau, in raƙuman ruwan sun iso ya juya musu goshi kaɗan. Kunnensa kuma yana kan inji. Wannan ɗan inji an yi shi ne don shiga tasha da fita, yau kuwa zai yi awa biyar ko shida ba hutu. Mai kula ya riga ya canja matatar mai tun a Colón, kuma lokaci lokaci yana leƙa baya ya ga ruwan sanyaya inji yana fita ta salansa. Jirgin da ya mutu a hanya, tara da kuɗin ja ke jiran mai shi.

Bayan garin Gamboa sai tafki ya ƙare, a shiga yankan Culebra, kusan kilomita 13 da aka sare ta tsakiyar duwatsu. Da farko faɗinsa bai wuce mita 92 ba, an yi ta faɗaɗa shi daga baya, har yau kuma jiragen yasa ba su daina aiki a ciki ba. Wanda ke wucewa nan ya kamata ya san hannun da ya sare wurin. Mafi yawan leburorin baƙaƙen fata ne daga tsibiran Karibiyan, jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka. Daga Barbados kaɗai an ɗauko kusan 20,000. A zamanin aikin Amurkawa mutum fiye da 5,600 suka mutu, galibinsu daga cikin waɗannan.

Sauka tana farawa a Pedro Miguel, ɗaki ɗaya, kimanin mita 9. A ratsa ɗan ƙaramin tafki, sai Miraflores, ɗaki biyu. A nan tsarin ya juya: ƙanana ke fara shiga, su je can gaba dab da ƙyaure, babba ya biyo baya. Da rani iska daga arewa take busowa, wato ta bayansu, ga kuma babban jirgin yana turo ruwa gabansa yayin da yake cika ɗakin. Duka biyun suna tura ƙananan zuwa ga ƙyauren ƙarfe. Shi ya sa igiyoyin baya ake fara zurawa a turke, su ne birki, matuƙi kuma yana taimaka musu da giyar baya.

Ruwan sauka ba ya tafasa. Yana zurarewa ne shiru, har mutum ba zai san ana tafiya ba sai ya ga bango yana tsawo. Wannan lafawar ita ce tarkon. Yanzu tazara ƙaruwa take yi, aikin kuwa saki ne, kuma ya yi kama da na wanda ke riƙe wa mai yasar rijiya igiya: in ka sake gaba ɗaya ka yar da shi, in ka riƙe ƙam ka rataye shi. Zagaye ɗaya a ƙaho, igiya tana zamewa ta tafin hannu sannu sannu, kullum a miƙe, kullum tana tafiya. Ba a yi mata ɗaurin kulle ko na daƙiƙa ɗaya. In ta cije, ko wani zagaye ya hau kan wani, ruwa ba zai jira ba. Zai ci gaba da sauka, nauyin jirage duka ya koma kan wannan ƙarfe guda, har sai igiyar ta tsinke ko ƙarfen ya tumɓuke da ɓangaren doron jirgi. Saboda haka ake ajiye wuƙa mai kaifi kusa. Amma wanda ya shimfiɗa igiyarsa da kyau tun kafin a shiga, ya sake shimfiɗa ta bayan kowane ɗaki alhali wasu na shan lemo, da wuya ya taɓa wuƙar. A Miraflores akwai benen 'yan kallo cike da mutane suna ɗaga hannu, akwai kuma kyamarar da 'yan'uwa ke kallo ta intanet daga gida. Mai riƙe igiya na ƙwarai sai ƙyaure ya buɗe yake ɗaga kai.

Ƙyamaren ƙarshe su ne mafiya tsawo a tsohon mashigin, mita 25, kuma bayansu akwai jarrabawa ɗaya da ta rage. A ciki ruwan daɗi ne, a waje ruwan gishiri, wanda ya fi nauyi. Da an buɗe, na gishiri ya kutso ta ƙasa, na daɗi ya kwarara waje ta sama, sai ga igiyar gudu mai ƙarfi tana tura jiragen ta baya tana neman juya su. Jagora yakan ce a dakata kaɗan, sannan a saki igiyoyi huɗun lokaci guda, a jawo su ciki, matuƙi ya ba da wuta sosai don ya fi ruwan gudu, in ba haka ba sitiyari ba zai ji ba. Sai an yi nisa da bango ake kwance haɗin, kowa ya kama gabansa.

Daga nan a wuce ƙarƙashin Gadar Amurka, wadda aka buɗe a 1962. Kwale-kwale ya zo ya ɗauki jagora. A wajen Balboa wani ya zo ya karɓi igiyoyi da tayoyi, a loda su a mota su koma Colón, inda wani jirgin ke jiran su. Mai jirgi kuwa yana da sabon karatu a gabansa tun kafin ya jefa anga, ƙugiyar da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa. A gefen Colón bambancin cikar teku da janyewarta bai fi rabin mita ba. A nan yakan kai mita 5 ko 6. Wurin da ya auna ya sami zurfin mita 8 da la'asar, kafin tsakar dare yana iya komawa mita 3, don haka sai ya buɗe jadawalin ruwa ya lissafa tsawon sarƙar da zai saki.